Ɗan Manomi da Ɗan Makiyayi Bisa Tabarma Guda: Me Za a Faɗa wa Yaran Jardan a Bader Gula?

A ƙasarmu ta Nijar, watan Oktoba wata ne mai ɗauke da kaya biyu. A cikinsa ake buɗe makarantun boko, uwaye suna ta faman neman kuɗin allo da alli da takalmi. A cikinsa kuma hatsi ke nuna, manomi na gaggawar yanka da ɗaurin dammai, alhali tabkunan arewa sun fara ƙafewa, garkunan shanu da tumaki da raƙuma sun juyo da kawunansu kudu. Duk wanda ya taɓa aiki a gundumar Dakoro, ko jandarma ne, ko malamin dabbobi, ko ɗan kasuwa mai sayen bisashe, ya san cewa tsakanin yankan hatsi da ranar da hukuma ke shelar sakin gonaki, barcin sarakuna da na mahukunta ba ya yin nauyi.

To, a daidai wannan lokaci ne ake kamo hannun yaro ɗan shekara huɗu ko biyar a kai shi ajin share fage, wanda jama'a suka fi sani da jardan. A zaunar da shi bisa tabarma kusa da wani yaro wanda jiya da dare ya ji an ambaci danginsa a gida da murya mai zafi. Wannan zama na bisa tabarma shi ne abin da muke so mu duba a yau, mun kuma ɗauki Bader Gula a matsayin wurin dubawa, domin kuwa a can tambayar ba ta masana ba ce kawai.

Inda gona ke ƙarewa

Bader Gula ƙaramar hukuma ce ta karkara a cikin gundumar Dakoro, arewacin jihar Maraɗi, ɗaya daga cikin waɗanda dokar tsarin ƙananan hukumomi ta shekarar 2002 ta haifar. Tana cikin yankin nan na kwarin Tarka, inda ƙasar noma da ƙasar kiwo ke cuɗanya. Hausawa manoma na nan, Filani na nan, har da Bararoji waɗanda ke kiran kansu Woɗaaɓe, Buzaye ma na nan. Suna shan rijiya guda, suna cin kasuwa guda, kuma kowane ɗayansu ya san kalmomin ciniki da na gaisuwa a bakin ɗan uwansa.

A ranar 26 ga Mayu 1961, jamhuriya tana ƴar jaririya, aka kafa doka mai lamba 61-05 wadda ta shata iyakar noma ta arewa. Abin da ke arewa da layin na kiwo ne, abin da ke kudu na noma. A takarda magana ta ƙare. A ƙasa kuwa, jama'a ta yi ta ƙaruwa, gonakin kudu suka gaji, masu neman sabon daji suka yi ta turawa arewa. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 wanda mutanen Maraɗi suka laƙaba wa suna El Buhari, sun kashe dabbobi ba adadi, har makiyaya da dama suka ɗauki hauya don dole, su ma suka zama masu gona. Manomi kuma da ya samu rarar kuɗi sai ya zuba su cikin bisashe, ya daina barin karan gonarsa ga garken baƙo, tun da shi ma yanzu yana da bakin da zai ci. Tsohuwar yarjejeniya, wadda makiyayi ke kwana da shanunsa a gona ya bar taki a ba shi damin hatsi, ta yi rauni. Burtali ya tsuke, wani wuri ma ya ɓace a cikin gonaki.

Inda wannan hanya ke kaiwa, jihar Maraɗi ta gani da idonta. Ranar 30 ga Oktoba 1991, ana cikin Babban Taron Ƙasa a Yamai, rigimar ɓarnar gona ta rikiɗe a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, aka hallaka Filani fiye da ɗari, galibinsu mata da yara. Bayan haka ne aka samu dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, da kwamitocin filaye da ake kira Kofo, da aikin kafa turakun siminti a gefen burtali, sannan dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 wadda ta tabbatar da cewa yawon kiwo hakki ne. Duk waɗannan ayyuka ne na ƙwarai, ba mai musu. Sai dai an yi su ne domin manya, mutanen da zuciyarsu ta riga ta ƙulla abin da ta ƙulla. Turken siminti yana nuna wa saniya hanya. Ba ya gaya wa yaro ko wane ne mai korar saniyar.

Abin da yaro ke shigowa da shi

Akwai masu cewa yaron jardan bai san komai ba, a bar shi da waƙa da tsalle. Waɗannan ba su zauna da yara ba. A Amurka, cikin shekarun 1940, wasu masana halin ɗan Adam, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun riƙa ajiye ƴar tsana fara da baƙa a gaban yara baƙar fata masu shekara uku zuwa bakwai, suna tambayarsu wace ce mai kyau, wace ce mummuna. Da yawa daga cikin yaran suka zaɓi farar, suka ƙi mai kama da su. Wannan bincike har kotun ƙolin ƙasar ta ambace shi a 1954, sa'ad da ta hana raba makarantu bisa launin fata. Abin da ya nuna shi ne, kafin yaro ya iya rubuta sunansa, ya riga ya karanta matsayin da duniya ta ba danginsa.

A wajenmu ba a bukatar ƴar tsana. A tsaya kawai a bakin rijiya ko bayan aji a saurara. Za a ji kalmar "buzu" an jefa ta ba da nufin ƙabila ba, da nufin bawa. Za a ji "bararo" da nufin mutumin daji marar wanka. Daga ɗaya ɓangaren kuma za a ji "kaɗo" an furta shi da irin lanƙwasar baki da ke nuna raini. Yaro bai ƙirƙiri ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya tsince su ne a gindin murhu, kamar yadda ya tsinci sunan tuwo.

Amma kuma a daidai waɗannan shekaru ne wata ƙofa ke buɗewa a cikin kansa. Masu binciken tarbiyya sun daɗe da lura cewa wajen shekara huɗu zuwa biyar ne yaro ke fara gane cewa abin da ke cikin ransa daban, abin da ke cikin ran wani daban. Cewa wani yana iya rashin sanin abin da shi ya sani, yana iya jin tsoron abin da shi ba ya tsoro. Wannan ganewa ita ce tushen abin da muke kira sanin ciwon wani. Ba tausayi irin na mai ba da sadaka muke nufi ba, wanda ke kallon mutum daga sama. Muna nufin yaro ya iya tambayar kansa: in da ni ne aka ce wa haka, yaya zan ji? Hausawa da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ba su jira wani bincike ba.

Wane ne ɗan asalin ƙasa?

A wasu ƙasashe an riga an shigar da wannan magana cikin manhajar ƙananan yara. A Kanada, inda aka ƙwace yara kimanin dubu 150 na mutanen asalin ƙasar aka tsare su a makarantun kwana don a raba su da harshensu da al'adarsu, hukumar gaskiya da sulhu ta nemi, a rahotonta na 2015, a koyar da wannan tarihi tun daga ajin share fage, daidai da hankalin yaro. Kowace ranar 30 ga Satumba yaran can na sa riga ruwan lemo, don tunawa da wata mata, Phyllis Webstad, wadda aka tuɓe wa sabuwar rigar da kakarta ta saya mata ranar da ta fara shiga irin wannan makaranta tana ƴar shekara shida. Dubi dabarar: ba a ba yaro lissafin matattu ba, an ba shi labarin riga, abin da shi ma yana da ita kuma ba ya son a karɓe masa. A Niyu Zilan kuma, tun 1982 Maori suka buɗe gidajen renon yara inda tsofaffi ke magana da jikoki cikin harshensu zalla, har harshen da ake yi wa kallon mai shirin mutuwa ya farfaɗo.

Waɗannan misalai suna da amfani, amma wanda ya kwaso su ɗungurungum ya sauke a kwarin Tarka zai kunna wuta ne da hannunsa. A can an san wanda ya zo cikin jirgin ruwa da wanda aka tarar. A nan kuwa, kalmar "ɗan ƙasa" da kalmar "baƙo" ba kalmomin tarihi ba ne kurum, kalmomin shari'ar gona ne da ta rijiya. Ranar da malama ta ce wa aji "waɗannan su ne ƴan asali", kafin magariba maganar ta isa fada.

Kuma tarihin kansa bai yarda da saukin rabon ba. Gobirawa da bakinsu suna cewa daga Azbin suka fito, suka sauko kudu, kuma Birnin Lalle, wanda ke cikin gundumar Dakoro ɗin nan, yana cikin tsofaffin biranen sarautarsu tun kafin Alƙalawa, wadda ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, tun kafin Tsibiri da aka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Marubucin tarihi Djibo Hamani ya yi dogon aiki a kan wannan alaƙa ta Azbin da ƙasar Hausa. Ayarin Buzaye sun yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa wannan yanki da gishiri da dabino, su koma da hatsi da tufafi. Filani sun bi ciyawa da ruwa, suka haƙa rijiyoyi da har yanzu wasu ke ɗauke da sunayen waɗanda suka haƙa su. Ƙauyukan noma da yawa na arewacin Dakoro kuwa ba su wuce kakanni uku ko huɗu ba; shi kansa garin Dakoro sai a 1947 Faransawa suka mai da shi mazaunin hukuma. Ashe kowa ya zo daga wani wuri, kowa kuma ya tarar da sawun wani.

Wannan, a ganinmu, shi ne darasin tarihi na farko da ya dace da yaron Bader Gula, kuma ba ya bukatar littafi. Tambaya ce guda da zai kai gida: kaka, daga ina muka zo, wa muka tarar, wa ya ba mu ruwa ranar da muka sauka? Ya dawo da amsa gobe, kowa ya faɗi tasa.

Sai dai kada mu fake da cewa "duk ɗaya muke" mu rufe ido ga abin da ke a fili. Ba duka aka ba wa makaranta daidai ba. Boko ya zauna ne inda mutane ke zaune. Wanda rayuwarsa tafiya ce, an bar shi a baya. Hukumar kare hakkin ɗan Adam ta Afirka, a rahoton da ta amince da shi a 2003, ta lissafa Buzaye da Bararoji cikin al'ummomin da take kira na asali, ta kuma bayyana cewa ba don sun riga kowa zuwa ba, sai don irin rayuwarsu ce tsarin mulkin zamani ya ture gefe. Da wannan ma'ana, maganar ta shafe mu ƙwarai. Yaron ruga da ya shiga aji yakan tarar da hoton gida mai kusurwa huɗu, da manomi, da likita, da mota. Bukkarsu ba ta cikin hoton, sa'annan in an ambaci saniya, sau da yawa a kan ɓarna ne.

Akwai kuma ƙaya ta biyu, wadda ba mu cika son taɓawa ba. Lokacin da Nasara ya buɗe makarantun makiyaya a shekarun 1940, manyan Buzaye da dama sun ɓoye ƴaƴansu suka tura ƴaƴan bayinsu, abin da daga baya ya juya arziki ta hanyar da ba wanda ya zata. Bauta ba tatsuniya ba ce a ƙasar nan, kuma ba ta ƙabila guda ba ce. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da ita laifi mai hukunci a fili, kuma a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani daga bauta. Saboda haka a kan tabarmar jardan ana iya samun jikan mai gida da jikan wanda aka mallaka, su biyun kuma an fara raɗa musu. Malamar da ba ta san wannan ba, za ta ji yaro ya ƙi shan ruwa a kofin wani ta ɗauka ƙyama ce ta majina.

Kayan aikin suna cikin gida

Abin farin ciki, ba sai an yi odar maganin daga waje ba. Mu fara da habbanaye, al'adar Filani wadda duk makiyayin yankin ya sani. Mutum ya ga ɗan uwansa ya rasa dabba, sai ya ɗaura masa saniya aro. Wanda aka ba zai kula da ita, ya sha nononta, ta haifa masa maruƙa su zama nasa, sa'annan ya mayar da uwar ga mai ita. Ana cewa saniyar habbanaye ta fi sauran garke samun kulawa, domin amana ce. Bayan manyan fari, ƙungiyoyin agaji da kansu sun ari wannan tsari don mayar wa mutane da awaki da tumaki, har matan Hausawa a ƙauyuka suka karɓe shi da sunansa. To, wane darasi ne na sanin ciwon wani ya fi wannan sauƙin shiga kan ɗan shekara biyar? A ba yara yumɓu su gina shanu, kamar yadda suke yi da kansu a bakin tabki. A ce garken wane ya mutu. Wa zai ara masa? Yaya zai riƙe ta? Yaushe zai mayar? A cikin wannan wasa, yaron ruga, wanda jiya yake ɓoye a ƙarshen tabarma, shi ne masani, sauran na tambayarsa. Wannan juyin matsayi, ko da na rabin sa'a ne, ya fi wa'azi goma.

Na biyu, harshe. Ba a ce malama ta ƙware a harsuna uku ba. Amma ruwa da nono, abubuwa biyu da kowane yaro ke sha, ba su gagari kowa ba: Bafilatani ya ce ndiyam da kosam, Buzu ya ce aman da akh. Yara su koya wa juna gaisuwar safe, su ƙirga yatsu, kowa da bakin gidansu. A kira kowane yaro da sunan da uwarsa ke kiransa, a furta shi daidai, ba a Hausance shi don sauƙin rajista ba. In akwai tsohuwa a zango da ta san tifinar, rubutun Buzaye mai ɗigo da da'ira, a gayyato ta ta zana a rairayi. Yara za su ga cewa rubutu bai fara da allon Nasara ba, kamar yadda allon makarantar Alƙur'ani ya riga ya nuna musu. Manya kuma su lura da wani abu: abin da Bahaushe ke kira kunya, Bafilatani na kiransa semteende, Buzu na kiransa takarakit, kowannensu kuma yana ɗaukarsa ginshiƙin mutunci, yana zaton shi kaɗai ke da shi.

Na uku, wasan taubasai, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Bagobiri da Bazabarme, Bafilatani da Babarbare ko Ba'are, Buzu da Bazabarme, kowa na da wanda zai tsokana ba a yi fushi ba, har a karɓi kuɗin shara a watan cika ciki. Mahukunta na son wannan al'ada ƙwarai, ba a taron da ba a yabonta. Mu ma muna sonta, amma muna da ja kaɗan. Taubastaka tana aiki ne tsakanin mutanen da suka san dokarta: zagin na baki ne, a ƙarƙashinsa akwai alkawarin cewa ba za a cuci juna ba, ba za a zub da jini ba. Ɗan shekara huɗu yana jin zagin, bai san alkawarin ba. In za a kawo ta jardan, a fara da alkawarin: wane taubashinka ne, in ya faɗi kai za ka ɗaga shi, in ya manta da abincinsa kai za ka raba naka. Tsokanar ta jira sai sun yi wayo. Kuma mu faɗi gaskiya, tsakanin manomin Tarka da makiyayin da ke wucewa ta gefen gonarsa, galibi ba wata taubastakar da ta haɗa su. Dole sai an gina wani abu sabo.

Abin da ba a faɗa wa yaro

Ba mu ce a ba yaran jardan labarin Toda ba. Wanda ya yi haka ya zalunce su: wasu za su kwana da tsoro, wasu da kunyar laifin da ba su yi ba. Haka yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da azabar da ta biyo bayansa a Azbin, da ta'asar ayarin Voulet da Chanoine a 1899, da tawayen shekarun 1990 wanda yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ta kawo ƙarshensa, duk suna da lokacinsu a azuzuwan gaba. Abin da ake bukata shi ne malama ita ta san su, domin ta gane nauyin kalmar da ta fito daga bakin yaro, ta kuma san cewa "ku yi shiru" ba amsa ba ce. Yaro ya ce, "Babana ya ce shanunsu ne suka cinye mana wake." Ba za ta ƙaryata uban ba, wataƙila ma gaskiya ya faɗa. Za ta iya cewa: lalle an ji zafi a gidanku; to, mu tambayi wane, su shanun me ya hana su bin hanyarsu? Sai a zana burtali a ƙasa, a sa tsakuwa a matsayin gonaki, a ga inda ya toshe. Yaran da suka yi wannan wasa sun fahimci aikin Kofo fiye da wasu manyan da ke zama a cikinsa.

Mai wannan rubutu yana cikin waɗanda suka ɗanɗani sambol a makarantar firamare, wato abin wuyan nan na ƙashi da ake rataya wa duk yaron da ya kuskura ya yi harshen gidansu a farfajiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba dukan ba ne. Hanyar rabuwa da sambol ita ce ka laɓe ka kama wani yana magana, ka rataya masa. Mu Hausawan aji mun fi yawa, muna rufa wa juna asiri, sai abin ya riƙa ƙarewa a wuyan wani yaro Bafilatani wanda bai iya Faransanci ba, Hausar ma bai gama iyawa ba, ba shi kuma da wanda zai rufa masa. Bai kai ƙarshen shekara ba. Ba wanda ya je nemansa, kuma ni ma da hannuna na taɓa rataya masa.

Na kawo wannan ne saboda abin da ke gabanmu yanzu. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ba harsunan gida gurbi, dokar 2001 kuma ta lissafa harsunan ƙasa guda goma. A watan Maris 2025, kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ya zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Mu masu rubutu da karatu a wannan shafi ba za mu ɓoye jin daɗinmu ba. Amma wanda ya san zafin sambol bai kamata ya sassaƙa sabo da Hausa ya rataya wa ɗan Filani ko ɗan Buzu ba. A wuri kamar Bader Gula, Hausa ita ce harshen kasuwa, kowa zai koye ta ko an so ko ba a so. Abin tsoron shi ne yaro ya fahimci cewa nasa harshen abin ajiyewa ne a bakin ƙofa tare da takalmi.

Rumfa, malama da wanda bai zo ba

Duk wannan magana tana rataye ne a wuyan mutum guda, malamar aji ko malamin. Galibin masu koyarwa a karkara ƴan kwantiragi ne, albashi kaɗan, wani lokaci a makare, an turo su daga wata jiha ba su san ko sunan rijiyar gari ba. Makarantar horon malamai ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Bawa Jan Gwarzo, ta Tawa kuma da sunan Kawusan; sunayen tarihi suna bisa ƙofa, saura a tabbatar tarihin mutanen da za a je a koyar yana cikin aji. Mako guda na horo a kan tarihin gunduma, da al'adun kiwo, da kalmomi talatin na Fulfulde da Tamajak, bai fi ƙarfin hukumar ilimi ta jiha ba, kuma ƙungiyoyi irin su AREN ta makiyaya da Timidria mai yaƙi da bauta suna da mutanen da za su iya bayar da shi.

Sai wurin zama. Ba mu manta da Afrilu 2021 ba, sa'ad da wuta ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai ta kashe yara 20, yawancinsu ƴan jardan, ko Nuwamba ta wannan shekara, da irin haka ta faru a cikin garin Maraɗi aka rasa fiye da 20. Daga nan gwamnati ta hana sa ƴan share fage a rumfar kara. Hani ne mai kyau, sai dai a ƙauyen da ba ginin, ma'anarsa ba jardan ke nan. Alhazan da suka yi arziki da cinikin bisashen Dakoro, masu loda tireloli zuwa Jibiya da Legas, aji guda na bulo da rufin kwano bai kai kuɗin shanun tirela ɗaya ba.

Kuma ko an gina, akwai yaron da ba zai zo ba. Jardan a ƙasarmu har yanzu abin birni ne. A karkara sai inda jama'a suka haɗa kai suka kafa nasu. Ɗan makiyayi mai shekara biyar ya riga ya fara bin ƴan awaki, zangonsu na iya nisan tafiyar sa'a biyu daga gari, kuma lokacin da ake rajista a Oktoba su suna bisa hanya. In suka sauka kusa da gari bayan an saki gonaki, sai a ce musu an rufe rajista. Wannan ba dokar Allah ba ce, takarda ce da sufeto ke iya gyarawa da sa hannu guda: a bar ƙofar jardan buɗe ga yaron da ya zo a Disamba, a karɓe shi ko da wata uku zai yi kafin rani ya tashe su, a kuma ba shi ƴar takardar shaida da zai nuna a makarantar da ke kusa da mashekarinsu na gaba.